Wa ke biyan ragowar kuɗin bas in an yi wa ɗalibai rangwame?

Malam, ka tambaya: in an rage wa ɗalibai da tsofaffi kuɗin bas a Yamai, wa zai cike gurbin? Amsa a taƙaice, baitulmali, na gwamnati ko na magajin gari.

Abin da yaron mota ke karɓa a hannun fasinja ba ya isar gazuwal da taya da albashin direba, balle bas ɗin da ke zuwa unguwannin bayan gari rabinsa fanko. Mai faba-faba, wato ƙaramar motar haya, yana iya tsayawa sai mota ta cika. Bas na jama'a kuwa lokaci yake bi, ko da mutum biyar. Tallafi shi ke riƙe da wannan.

Inda ake yawan tafka kuskure: a sanar da rangwame ba tare da an ware kuɗin diyya ba. Kamfani ya ci bashi, mota ta lalace babu kayan gyara, ɗalibin da aka so taimakawa ya koma tsaye cikin rana a unguwar Harobanda yana jiran taksi. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Kada ka dogara da jita-jitar tasha. Sharuɗɗan rangwame, tambayi SOTRUNI, kamfanin bas na birnin Yamai, ko ofishin magajin gari. In ɗanka ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ne, ya je ofishin kula da jin daɗin ɗalibai da katinsa.