Akwatin Marubuta: Kuɗin da masu karatu ke turo mini roƙo ne?

Wasiƙu uku na ɗauko wannan makon daga cikin waɗanda suka iso mini nan Gusau, kuma duka a kan abu ɗaya suke: kuɗin da mai karatu ke miƙa wa marubuci ko mai zane. Ta farko ta fi kwana biyu tana ci mini rai, don haka a kanta zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Kaura Namoda, ina rubuta gajerun labarai a guruf ɗin WhatsApp mai mutum kusan 200. Kwanan baya na ce kowa ya kawo abin da yake so in yi labari a kai, ni kuma in rubuta. Abin ya karɓu, har wasu na turo mini katin waya ko naira 500 a matsayin tukuici. Yayana ya gani ya ce na zama maroƙiya, zan zubar da mutuncin gidanmu. Sannan wata mata ta turo 10,000 ta ce in rubuta labarin kishiyarta, ta ba ni sunan unguwa da sana'ar mijin da komai. Na riga na taɓa kuɗin. Ya zan yi? Ƙanwarki daga Kaura.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari mu fara da Yaya, don shi ne a gida, kuma ba don ƙiyayya ya faɗa ba. Mu nan ƙasar Zamfara mun san roƙo fiye da kowa, ƙasar makaɗan fada ce, kuma mun san yadda gidaje da yawa ke kallon wanda ya buɗe baki ya wasa mutum don a ba shi. Abin da Yaya ke tsoro ke nan. Amma ki zaunar da shi ki nuna masa wayarki. Ke ba ki wasa kowa ba. Kin zauna kin yi taifin feji goma da yatsa biyu, kin ƙona data, kin biya mai caji, mutum ya karanta ya ji daɗi ya ce ga wannan ki sa kati. Tela ya ɗinka riga an ba shi kuɗin ɗinki har da ƙari, ba mu ce ya yi bara ba. Mai kitso ma haka.

Kuma ki tuna masa da Zaɓi Sonka. Iyayenmu da kuɗinsu suke sayen katin zaɓe, su rubuta sunayen waɗanda za a gaisar, su aika gidan rediyo a karanta. Mai sauraro ya biya don ya sa baki a cikin shirin, babu wanda ya kira gidan rediyo maroƙi. Ga ajo, ga gudunmawar biki, ga gayya. Tara hannu don aikin mutum ɗaya ya tashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni a ganina ma, ɗari biyar-biyar daga hannun mutum 40 da suka karanta labarinki ta fi tsabta a kan bikin ƙaddamar da littafi, inda ake tara manya a zaure, a yi shelar miliyoyi a lasifika, marubuci kuma ya shafe wata shida yana zarya a ƙofar gidaje yana bin alkawari. Na ga wanda aka yi wa haka. Ko kuɗin hayar kujeru bai mayar ba.

Sai dai akwai abin da nake so ki rarrabe tun yanzu, don a nan ne marubutanmu na intanet suke faɗawa rami. Kuɗin da ke shigo miki iri biyu ne. Akwai wanda aka turo bayan an karanta, wannan tukuici ne, halak malak, babu wanda zai bi ki bashi. Akwai kuma wanda aka turo kafin ki rubuta, don ki rubuta. Wannan sunansa bashi, ko da mai turowa ya kira shi kyauta. Daga lokacin da alat ya shigo, akwai labarin wani a wuyanki.

Ni a jikina na koyi wannan. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, ina tsakiyar wani dogon labari da mata 43 suka biya naira 300 kowacce don su shiga guruf ɗinsa. Na yi musu alkawarin feji biyu kullum bayan isha'i. Aka wayi gari babu sabis, babu kira, babu saƙo, ko hanyar ba su haƙuri ba ni da ita. Yawancinsu a Kano da Kaduna da Neja suke, ba su san halin da muke ciki ba. Abin da ya cece ni littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, mai jan bango, inda na rubuta sunan kowace da ranar da ta biya da lambarta. Na ci gaba da rubutu a waya har ya taru, da ƙanena zai tafi Zariya na tura masa ta Xender, na yage shafin sunayen na ba shi. Daga can ya aika musu feji 18 a dunƙule tare da bayanin abin da ya faru. Uku sun riga sun fita daga guruf ɗin cikin fushi, ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da kuɗinsu. Ɗaya daga cikinsu har yau tana karanta duk abin da na rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ki sayi littafinki gobe.

Ki kuma sa wa abin iyaka. Idan kika buɗe ƙofa kullum, buƙatun mutane za su binne ki, ga karatu a gabanki. Ki ware rana ɗaya, misali Asabar ta farkon wata, ki ce daga safe zuwa magariba kowa ya kawo nasa, kyauta, ko da bai da ko sisi. Ki zaɓi biyar da suka taɓa zuciyarki, ki faɗi ranar da za su fito. Wanda yake so a tabbatar an rubuta nasa, ko a tsawaita wani labari da ya tsaya a inda bai so ba, ga farashi a fili. In labari ɗaya mutane da yawa ke so, su haɗa kuɗin, idan ya cika ki sake shi kowa ya karanta, har da waɗanda ba su biya ba. Kada ki rena waɗannan. Yarinyar da ba ta da ɗari biyu yau ita ce ke tura labarinki guruf goma, daga can mai biya ke zuwa. Kuma kada ki yarda da hoton shaidar biya, ki buɗe asusunki ki gani da idonki, don alat na bogi ya yi yawa.

Yanzu maganar matar nan. Ƙanwata, ki mayar mata da kuɗinta. In kin taɓa 4,000 ki tura mata 6,000 yau, ki gaya mata ranar da za ki cika sauran, ki cika. Abin da take so ba labari ba ne, so take ta ari bakinki ta ci albasa. Kaura ba ta da girman da za a faɗi unguwa da sana'ar miji a kasa gane gida. Ranar da labarin ya isa wayar kishiyar, sunanki ne a sama, ba nata ba, kuma ke za a kira gaban mai unguwa ko gaban alƙali. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, ana kuma kama mutane a kan abin da suka wallafa. Ko babu hukuma, giba ce, in kuma da ƙarya a ciki ta zama ƙazafi, ke kuma ba ki ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. A nan kam da kin rubuta, da maganar Yaya ta tabbata, domin zambo don a biya shi ne ainihin abin da yake gudu.

Amma kada ki wulaƙanta ta. Macen da ta cire 10,000 a wannan zamani don a rubuta baƙin cikinta, abin ya kai mata wuya. Ki ce mata za ki iya rubuta labarin zaman kishi wata rana, da mutanen da ke kika ƙirƙira, a garin da ke kika zaɓa, kuma kishiyar cikin labarin za ta sami bakin magana ita ma. In ta yarda, to. In ba ta yarda ba, ku rabu lafiya. Ki rubuta a saman guruf ɗinki cewa ba kya karɓar labarin da ya shafi wani mutum na gaske, don kada wata ta sake kawo miki irinsa.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni mai zane ne a Talata Mafara. Ina zana hotunan mutane da fensir, yanzu kuma ina so in buga ɗan littafin tatsuniyoyi mai zane don yara. Na ji ana tara kuɗi a Kickstarter da Patreon. Wanne ya fi? Ɗanki.

AMSA: Barka kadai ɗana, Allah ya yi wa hannu albarka. Kickstarter kamfanin Amurka ne da ya fara a 2009. Tsarinsa shi ne ka faɗi adadin da kake nema da wa'adi, in kuɗin ya cika a ba ka bayan sun cire kashi 5 cikin 100 da ladan hada-hadar kati, in bai cika ba ko kwabo ba a cire wa kowa. Patreon kuma, wanda aka kafa a 2013, na biyan wata-wata ne, masoya aikinka su riƙa ba ka wani abu duk wata. Duka biyun sun fi dacewa da masu katin banki na ƙasashen waje, kuma Kickstarter ƙasashe ƙididdigaggu ne kawai yake bari mazaunansu su buɗe neman tallafi. Ka tambayi kanka, wa zai sayi littafin tatsuniya da Hausa? Malaman firamare da na Islamiyya, iyaye mata, 'yan Mafara da ke aiki a Abuja da Legas suna so 'ya'yansu su ji Gizo da Ƙoƙi. Waɗannan a WhatsApp da Facebook suke, da OPay ko Moniepoint ko asusun banki suke biya. In kana son shafin sayarwa mai tsari, akwai Selar, na 'yan Najeriya ne kuma da naira yake aiki.

Abin da za ka ɗauka daga Kickstarter shi ne tsarin nan na in bai cika ba a mayar. Ka fara zuwa wurin masu ɗab'i biyu ko uku, a Gusau ko Sakkwato ko Kano, su rubuta maka kuɗin kwafi 300 a takarda, ka tambaye su kwana nawa farashin zai tsaya, don kuɗin takarda ba ya zama wuri ɗaya. Ka ƙara kuɗin mota da na aikawa. Ka gama zana shafi shida ka nuna, mutane ba sa biyan abin da ba su gani ba. Sannan ka buɗe asusu daban wanda ba ka cin abinci daga cikinsa, ka sa wani dattijo da aka yarda da shi, malaminka ko wani shugaban makaranta, ya riƙa ganin abin da ke shiga. Duk Juma'a ka sanar da jimillar da aka tara. Wanda ya ba da kuɗin kwafi ɗaya, kwafi ɗaya. Wanda ya ba da kuɗin kwafi biyar, ka zana fuskar ɗansa a cikin yaran da ke zaune gaban kaka a shafin farko. Wannan kai kaɗai ke iya ba da shi, kuma za ka ga iyaye na rububinsa.

Abu ɗaya kada ka yi: kada ka ce wa kowa ya zuba kuɗi za a raba riba. Wannan ya zama zuba jari, kuma tun 2021 hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa ta fitar da ƙa'idoji a kan tara jari daga jama'a ta intanet. Kai littafi kake sayarwa tun kafin a buga.

TAMBAYA: Anti, in mai karatu ya kawo shawarar labari, ya kuma biya aka rubuta, na waye labarin? Wata daga Tsafe.

AMSA: Naki ne, ƙanwata, sai in kun yi yarjejeniyar sayarwa a rubuce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, rubutun da aka yi take karewa, ba tunanin da ke cikin kai ba. Wanda ya ce miki "rubuta labarin amaryar da aka kai gidan da ba nata ba" ya ba ki iri ne, ke kika yi noman. Duk da haka ki faɗa tun kafin a biya cewa za ki iya haɗa labaran ki buga ko ki sayar wa masu karantawa a YouTube, kuma ki rubuta sunan wanda ya kawo shawarar a saman labarin, in ya yarda a ambace shi. In kuma ya turo miki shafuka ne da ya riga ya rubuta ya ce ki gyara ki ƙarasa, to wannan aikin mutum biyu ne. Ku rubuta rabon kowa a saƙo, ku ajiye hoton saƙon, sannan ki fara taifin.