Yaya ake kallon zanen gandun kiwo na Amurka?

Tambaya: Malam, na ga wani zanen fenti na gandun kiwon shanu a yammacin Amurka: fili fetal, 'yan shanu, shinge, da duwatsu can nesa. Ya burge ni, amma me zan duba in gane gwanintar mai zanen?

Amsa: Irin wannan zane, faɗin ƙasa yake son nuna maka, shanun ma'auni ne kawai. Don haka ja da baya kamar mita 3, ka nemi layin da ƙasa ta haɗu da sama. Maynard Dixon, mai zanen yammacin Amurka wanda ya rasu a 1946, yakan sauko da layin ƙasa sosai, gajimare su mamaye yawancin allon, mahayin doki ya koma ɗan mitsitsi.

Daga nan sai nisa, kuma a nan ake gane gwani. Ka san yadda hazon hunturu ke dusashe tsaunin da ke nesa? Haka ake so duwatsun baya su fito: shuɗi-shuɗi, launinsu a dushe, gefensu ba kaifi. Sabon hannu yakan ba su duhu daidai da ciyawar gaba, sai dutsen ya matso, filin ya tsuke. Bi turakun shingen da ido. Tsayinsu da tazararsu su riƙa raguwa sannu a hankali. Duba inuwa kuma: idan ta saniya ta faɗi hagu, ta turken da ke kusa da ita ta faɗi dama, mai zanen bai tsayar da rana wuri guda ba.

Kada rashin tozo ya ruɗe ka, yawancin shanun can ba su da shi. Ja mai farar fuska shi ne irin da ake kira Hereford. Dubi haƙarƙari da tsayuwar ƙafa. Mai zane Charles Russell ya yi kiwo a Montana da ke yammacin Amurka, shi ya sa zanensa na 1887, na ramammiyar dabba cikin ƙanƙara kyarketai na dakonta, yake taɓa zuciya. Waya mai ƙaya kuwa na nuna zamani, domin ta yaɗu ne bayan Joseph Glidden ya yi rajistar tasa a 1874.

Sannan matso, ka haska tocila daga gefe. Fentin mai yakan nuna tudu da sawun buroshi. Idan gilashin ƙara girma ya nuna ɗigo-ɗigo a jere, bugun inji ne.