Kwamfutocin suna cikin kwali, malaman sun dawo daga bita: ta ina zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni shugabar wata firamare ce ta gwamnati a ƙauye. Bara aka kawo mana kwamfutocin hannu guda 20, aka kuma ɗauki malamaina huɗu zuwa bitar kwana uku kan koyarwa da fasahar zamani. Sun dawo da takardar shaida da ɗan alawus, amma har yau ban ga abin da ya canza a aji ba. Ba mu da wutar lantarki, sabis sai an fita bakin titi, kuma akwai ajin da yara sun haura 90. Kwamfutocin suna cikin kwali a ofishina, ina tsoron a fasa ko a sace a ce in biya. Shin wannan fasaha tana da amfani ga irin makarantarmu, ko ta 'yan birni ce? In tana da shi, ta ina zan fara?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara haƙuri. Kwalin nan na ofishinki na san shi, don na sha ganin 'yan'uwansa. Akwai makarantar da na taɓa zuwa duba aiki, hedimasta ya buɗe mini sito yana murmushi, ya ce ko ɗaya ba ta ɓata ba. Gaskiya ya faɗa, suna nan cif a ledarsu. Da muka zaro guda sai muka tarar batirin ya kumbura har ya ɗaga gilashin, saboda sun daɗe a ɗaki mai rufin kwano, ba caji ba iska. Ya kare su daga ɓarawo, zafi ya cinye su. Zan dawo kan kwalin a ƙarshe, amma ba da shi za ki fara ba.

Amfani kam akwai, sai dai mafi yawansa yana hannun malami ne kafin ya kai hannun yaro. Wannan an gwada an gani. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin nan na kowane yaro da tasa. Da aka bibiyi makarantun karkara 319 bayan wata 15, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yara sun iya latse-latse sosai, amma lissafi da karatu suna nan inda suke. A Kisumu ta ƙasar Kenya kuma an yi wani gwaji da ya fi kama da tambayarki. An kasa makarantu: wasu aka ba kowane yaro na'urar karatu, wasu aka ba malamai kwamfutar hannu, wasu kuma jami'an da ke zagayawa suna taimaka wa malamai kawai aka ba. Duka an ci gaba a karatu, kuma cigaban kusan ɗaya ne, alhali kuɗin da aka kashe ko kusa ba ɗaya ba. Dalili shi ne dukansu sun sami littattafai, da tsararren darasi, da mai bin malami aji yana gyara masa. Shi ya sa da Kenya ta faɗaɗa shirin karatu na Tusome a faɗin ƙasa daga 2015, jami'an nan masu zagayawa ta riƙa ba na'urar.

To ki ga inda bitar kwana uku take gazawa. Malamanki ba su yi laifi ba. An zaunar da su a ɗaki mai fanka da majigi, an nuna musu abubuwa talatin, kowa ya tafa, an raba ambulan. Ranar Litinin malami ya shiga aji mai yara 90 da guntun alli, ba wanda ya sake tambayarsa komai. Hannu kuwa abin da ya saba shi yake komawa. Koyarwa sana'a ce irin ɗinki da tuƙi, sai an yi, an gani, an gyara, an sake yi. Aikin da wayar hannu ta fi iyawa a makaranta irin taki shi ne ta sa wannan gani da gyaran ya yiwu kowane mako ba tare da kowa ya hau mota ba.

Ga abin da nake so ki fara da shi, kuma ba ya cin data ko sisi. Ki sami malami ɗaya cikin huɗun, wanda ya fi sakin jiki da ke. Ya jingina wayarsa a taga ta bayan aji, ya tokare ta da kwalin alli, ya ɗauki bidiyon minti goma na darasinsa. Minti goma kawai, don kada waya ta cika, kuma mutum ba ya gajiya da kallo. Bayan an tashi ku zauna ku biyu da takarda. Kada ku tsaya kan ko darasin ya yi kyau. Ƙirga za ku yi: minti nawa malami yana magana, minti nawa yara suna aiki da hannunsu, yara nawa aka kira da suna, daga wane benci, mata nawa maza nawa, kuma in ya yi tambaya daƙiƙa nawa yake jira kafin ya amsa wa kansa.

Na yi wannan da wani malamin lissafi na aji huɗu, dattijo mai shekaru da yawa a aiki, wanda ya rantse mini kowa yana tambaya a ajinsa. Muka kunna. Yara uku ne a bencin gaba, su yake ta juyawa, in ya ce "kun gane?" aji ya ɗauka baki ɗaya "eh, Malam!" ya wuce. Can baya, kusa da wayar, wata yarinya tana rubutu a littafin da ta riƙe a kife. Ya kalli wurin sau biyu, ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "Wallahi ban taɓa ganinta ba." Ni ban ce masa komai ba, gani ya kori ji. Mako na gaba ya rubuta sunayen yara a guntayen kwali ya zuba a gwangwanin madara, wanda ya zaro shi zai amsa. Da baki na faɗa masa, da mun kwana muna musu.

Amma ki yi hattara da abu ɗaya. Malaman Arewa ba su manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Tun daga nan duk abin da ya yi kama da gwaji, malami kallon tarko yake masa. Don haka bidiyon ya zauna a wayar mai shi, shi zai goge in an gama, ba ya zuwa ofishi, ba ya shiga fayil. In kina son su yarda da sauri, ki fara da kanki. Ki karɓi aji biyu ki koyar, a ɗauke ki, ki zaunar da su su ƙirga miki. Sannan fuskokin yara amana ce. Kada bidiyon ya fita zuwa Facebook ko TikTok, kuma ki sanar da kwamitin makaranta da iyaye abin da ake yi da dalilinsa. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko ba doka, uban da ya ga 'yarsa tana yawo a wayoyin gari zai iya cire ta daga makaranta gaba ɗaya.

In wannan ya zauna, sai ki buɗe zauren WhatsApp na malamanki, ko ku haɗu da makarantu biyu uku na kusa. Ki sa masa doka tun ranar farko, in ba haka ba cikin mako guda zai koma wurin barka da Juma'a da tallan atamfa. Abu ɗaya a mako ya isa. Misali wannan makon kowa ya gwada ba yara daƙiƙa biyar su yi tunani kafin a ɗaga hannu, ranar Alhamis ya turo saƙon murya na minti ɗaya ya faɗi yadda ta kaya. Saƙon murya ya fi rubutu a wajenmu, don malamin da ke jin nauyin Turancinsa zai saki baki da Hausa, kuma saƙon yana jira har a fita bakin titi a sami sabis. Sai dai kada zauren ya sa ki daina shiga aji da ƙafarki. A lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu an kwatanta malaman da mai horarwa ke ziyarta ido da ido da waɗanda ake bi ta waya da kwamfutar hannu. A shekarar farko kamar kunnen doki, amma bayan shekara uku na ido da ido sun yi gaba. Mutum ya fi jin kunyar wanda zai shigo ya zauna a bencin baya.

Batun kayan darasi ba shi da wahala kamar yadda ake zato. Mutum ɗaya ya sauke in ya shiga gari, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a Maris na 2022, kyauta ne, kuma akwai darussa da Hausa a ciki. African Storybook yana da gajerun labarai na yara da Hausa masu hotuna. Mai koyar da kimiyya ya nemi PhET na Jami'ar Colorado, inda zai haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a fuskar na'ura ya ga yadda wuta ke zagayawa. Ko yara ba su gani ba, shi kansa malamin zai fahimci abin da ya daɗe yana haddacewa. A aji mai yara 90 kuwa, ƙaramar sifika ta Bluetooth ta fi fuskar waya amfani nesa ba kusa ba, don murya tana kai wa bango, hoto ba ya wuce benci na biyu. Malamar da ta fi kowa iya furta sautukan haruffa, ɓ da ɗ da ƙ da ts, ta naɗa sau ɗaya, duk 'yan aji ɗaya su amfana.

Kada kuma ki raina ƙaramar waya mai maɓalli. A jihohin Dosso da Damagaram na Nijar, wajen 2009 zuwa 2010, an koya wa manya 'yan yaƙi da jahilci rubuta saƙo a irin wannan wayar da Hausa da Zabarmanci, kuma sun fi takwarorinsu da ba a koya wa ba a rubutu da lissafi. Sirrin bai wuce sun sami dalilin yin rubutu kullum ba.

Matasan malamanki za su kawo miki zancen ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT. Ki bar su su yi amfani da ita wajen shirya darasi da fitar da tambayoyi, tana rage wahala ƙwarai. A Benin ta jihar Edo an yi gwajin mako shida a 2024 da 'yan sakandare kan Turanci, an kuma ga ci gaba, amma da malamai a tsaye a kansu suna jagora. Sharaɗina ɗaya ne: duk abin da ta rubuto a gwada shi da littafin manhaja kafin ya hau allo. Tana yin kuskure ba ko gezau, Hausarta kuma wani lokaci sai ta mayar da mace namiji a tsakiyar jimla.

Yanzu kwalin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ta fara nata da masu zana jarrabawa daga waje a 2024, su kansu malamai da kwamfuta suke rubuta jarrabawar TRCN, hukumar rijistar malamai. Yaron ƙauye da bai taɓa taɓa na'ura ba sai ranar jarrabawa, rabin lokacinsa a rawar hannu zai tafi. Don haka ki fito da su. Ki ba kowane malami guda ɗaya da sa hannu a rijista, ta zama ta shirya darasi da ɗaukar bidiyon nan. Sauran ki ware wa 'yan aji biyar da shida, yara huɗu ko biyar kan guda, rabin awa sau biyu a mako, rabin aji na kan na'ura rabi na aiki a littafi, sannan a yi musanya. A kowace ƙungiya ki sa a riƙa karɓa-karɓa da agogo, in ba haka ba yaro mafi ƙarfi zai riƙe, 'yan mata su zama 'yan kallo.

Caji kuma, ƙaramin faifan sola da batir ɗaya suna iya ɗaukar wannan aikin, kuma irin abin da kwamitin makaranta ko tsofaffin ɗalibai kan iya haɗa kuɗinsa ne in aka nuna musu yaransu na amfani da kayan. Kafin a samu, mai cajin waya na kasuwa ya isa, a kai biyar biyar.

Tsoron biya kuwa, maganinsa takarda. Ki rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku cewa daga rana kaza za a fara amfani da kwamfutocin, ga lambar kowace, ga wanda ke riƙe da ita, ga inda ake kwana da su. Shugaban kwamitin makaranta ya sa hannu, ki ajiye kwafi mai hatimin karɓa. In wata ta fashe a hannun yaro ana cikin darasi, ki rubuta ranar da yadda aka yi, ki ajiye gawar a nuna wa mai bincike. Kafin duk wannan, gobe da safe ki buɗe kwalin ki duba bayan kowace. Wadda kika ga ta fara kumbura kada a sa ta a caji, a ware ta gefe a inuwa, nesa da takardu.