Me ya sa yaƙin 1940 bai bar marubutan Sikandinabiya ba?

Tambaya: Malam, me ya sa marubutan labaran binciken laifi na ƙasashen Sikandinabiya, wato Denmark da Norway da Suwidin, suke yawan komawa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, su cika labarinsu da 'yan leƙen asiri da maciya amana?

Amsa: Dalilin yana cikin tarihinsu. Ranar 9 ga Afrilu 1940 Jamus ta mamaye Denmark da Norway. Suwidin ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, amma ta ci gaba da sayar wa Jamus tama, ta kuma bar sojojin Jamus suna ratsa ƙasarta a jirgin ƙasa har 1943, abin da ya mayar da Stockholm, babban birninta, matattarar 'yan leƙen asirin Jamus da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet.

A Norway lamarin ya fi ciwo, domin Vidkun Quisling, ɗan siyasar Norway da ya shugabanci gwamnatin ƙasar a ƙarƙashin Jamusawa, wanda aka harbe a Oktoba 1945 bayan kotu ta same shi da laifin cin amanar ƙasa, ba shi kaɗai ya bi Jamusawa ba. Dubban samari sun sa kakin Jamus, alhali maƙwabtansu suna ƙetarar da 'yan gudun hijira ta daji cikin ƙanƙara zuwa Suwidin. A ganina, littattafan da suka fi ƙarfi su ne waɗanda mai binciken ke gano sunan kakansa a tsohon kundin 'yan sanda.