Kwamfutocin da aka bar maka a shago: kana da ikon riƙewa, ba ka da ikon sayarwa

Wasiƙar wannan makon ta wani matashi ce mai gyaran kwamfuta a nan Maradi. Ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto mini, yana kira na Metir, laƙabin da ake yi wa lauya:

"Assalamu alaikum Metir, ranka ya daɗe. Shekarata 6 ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago kusa da babbar kasuwa, amma wallahi na gaji. Yanzu haka kwamfuta 9 ne jibge a ƙarƙashin teburina, na gyara su, masu su sun ƙi zuwa. Akwai wadda na sa wa sabon gilashi da aka sayo mini daga Kano da kuɗin aljihuna, har da ladan aiki jikka 35 (sefa dubu 35) nake bi, yau wata 14 mai ita ba ya ɗaukar wayata. Abokan sana'a sun ce in sayar kawai in cire kuɗina. Ga kuma wata ɗalibar jami'a da ta ce na musanya mata ram (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta), na kuma share mata kundin kammala karatunta, wai sai na saya mata sabuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, watan jiya na kwana a komisariya (ofishin 'yan sanda) saboda wata kwamfuta da wani yaro ya kawo in cire mata lambar sirri, ashe ta sata ce. Sai da kawuna ya zo ya tsaya mini. Metir, ina mafita? Ko in bar sana'ar?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bar sana'arka. Na karanta wasiƙarka har sau biyu, abin ya taɓa ni, domin na san yadda kuke yini a sunkuye kan tebur cikin zafin bazara, ana ɗauke wuta ana maidowa, ƙarshenta a ce kai ne mai laifi. Amma shawarar abokan aikinka nake son mu fara turewa gefe, domin ita ce za ta iya maida kai komisariya, wannan karon kuma da hujja a kanka.

Ranar da mutum ya miƙo maka kwamfutarsa ka karɓa, alƙawari biyu kuka ƙulla ko da babu takarda: na aiki da na ajiya. Shi ya ɗau nauyin biyanka, kai kuma ka ɗau nauyin tsare masa kayansa ka maida masa. Rashin biyansa bai mayar da kwamfutar taka ba, ko shekara biyar ta yi a shagonka. In ka sayar ba da yardarsa ba, dokar laifuka ta Nijar cin amana take kiran wannan, kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Mai kwamfutar da ya yi wata 14 yana guje maka, ranar da ya ji an sayar da kayansa zai bayyana, ya riga ka zuwa wurin hukuma. Kai da ke bin bashi sai ka wayi gari kai ake tuhuma.

To me doka ta ba ka? Ta ba ka abu mai ƙarfi, yawancin masu sana'a ba su ma san suna da shi ba. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da suka haɗa dokokinsu na kasuwanci tun yarjejeniyar 1993. A dokarta ta jingina da lamuni, wadda aka sabunta a 2010, sashe na 67 zuwa 70 sun yi maganar haƙƙin riƙe kaya. Wanda ke bin bashi, kuma kayan wanda yake bi suka shigo hannunsa ta halaltacciyar hanya, yana da ikon riƙe su har sai an biya shi duka. Ko da rakiyar wani babba mai kayan ya zo, kana iya cewa cikin ladabi: "Alhaji, a biya tukuna." Sharaɗin shi ne bashin ya tabbata, an san adadinsa, lokacin biya ya yi, kuma daga wannan kayan ya taso. Ba ka riƙe kwamfutar mutum saboda bashin wansa, ba ka riƙe ta saboda rancen da ka yi wa mai ita ranar suna.

Abu biyu nake so ka riƙe a nan. Wannan haƙƙi yana tare da kai ne muddin kayan suna hannunka. Wanda ya ce "ba ni in je gida in kawo maka kuɗin bayan la'asar", in ka miƙa masa, ka saki igiyar ke nan, sai bin bashi irin na kowa. Na biyu, sashe na 70 ya ɗora maka nauyin kula da abin da ka riƙe. Kwamfutocin nan 9 da ka ce suna ƙarƙashin tebur, ka ɗauke su daga nan yau. Ƙurar hunturu, yoyon damina, batir da ya kumbura ya fasa murfi, duk kai za a tambaya. Kada kuma ka ciri ko ƙusa ɗaya daga jikinsu ka gyara ta wani.

Sayarwa kuwa, in ba da yardar mai kaya ba, sai da kotu. Hanyar ita ce ka fara aika wa mai kaya takardar gargaɗi mai kwanan wata, da adadin kuɗin, da wa'adin da ka ba shi. Ta hannun wisiye, ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, ta fi ƙarfi, amma ka adana saƙonnin waya da na WhatsApp ɗin da ka tura masa, suna taimakawa. In ya yi shiru, akwai gajeriyar hanya a dokar OHADA ta karɓar bashi, wadda aka sabunta a 2023: ka shigar da buƙata gaban shugaban kotu tare da takardunka, ya ba da umarnin biya ba tare da an fara kiran wancan ba. A kai masa umarnin. In bai ƙalubalanta ba cikin wa'adi, umarnin ya zama abin zartarwa, wisiye ya kama kayan a sayar a biya ka.

Sai dai zan gaya maka gaskiya a matsayina na wanka: a kan jikka 35, kuɗin takardu da na wisiye na iya cinye abin da kake nema. Don haka sulhu nake so ka fara nema. Doka ta ba sarakunanmu na gargajiya ikon sasanta mutane a irin wannan rigima, kuma a Maradi mutumin da ba ya ɗaukar wayarka zai amsa kiran mai unguwarsu. A zauna a gabansa. Ko ya biya, ko a yanka masa biya kaɗan-kaɗan, ko ya yarda a rubuce cewa ya bar maka kwamfutar a bakin bashinka, ko ya ba ka izinin sayarwa ka cire naka ka ba shi ragowar. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Da wannan takarda sayarwar ta halatta, domin mai kaya ne ya yarda. Rubutun da wasunku ke mannawa a bango cewa duk kayan da ya wuce wata uku za a sayar, kada ka dogara da shi. Mutum zai ce bai gani ba, ko bai iya karatu ba, kuma bango ba ya ba da shaida.

Maganar ɗalibar nan ba ta da tsawo. Sashe na 1315 na Kod Sibil ɗinmu, kundin dokar mu'amala tsakanin mutane, ya ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja. Ita ta ce ka canja ram, ita za ta tabbatar. Batun kundinta ne ya fi bukatar kulawa. Sashe na 1789 ya ce ma'aikacin da aka ba kaya ya yi aiki a kansu ba ya biyan asara sai in da sakacinsa. To in faifan ajiyar ya riga ya mutu kafin ta kawo, babu ruwanka. In kuwa kai ka goge shi ka zuba sabon Windows ba ka tambaye ta ba, ba ka kwafe mata komai ba, akwai sakaci, kuma gara ku sasanta tun a waje. Ko a hakan, diyya gwargwadon asara take, ba sabuwar kwamfuta a kwali ba. Ka gwada ceto mata abin da zai cetu, ka tuna wahalar shekara ce ta baiwar Allah. Bari in ƙara wani abu da ba ka tambaya ba: in wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kayan mutane a teburinka alhali ba ka da na'urar daidaita wuta, zai yi wuya alƙali ya karɓi "ƙaddara ce". Abin da kowa a garin nan ya san yana faruwa ba ya zama uzurin ba-zata.

Yanzu kwanan da ka yi a komisariya. Laifin da ake dubawa a nan shi ne ɓoye ko karɓar kayan sata, kuma ginshiƙinsa sani ne: sai an nuna ka san na sata ne. Mai gyaran da ya karɓi aiki da zuciya ɗaya bai yi laifi ba. Amma mai bincike ba ya ganin zuciya, alamu yake dubawa. Yaro ɗan shekara 15 ya shigo da kwamfuta mai tsada, babu caja, babu jaka, bai san lambar sirrinta ba, a bayanta an kankare tambarin wata ma'aikata, yana waige-waige yana cewa a yi sauri. In ka buɗe masa ita, ko ka saye ta a rabin kuɗinta, da wane baki za ka ce ba ka zargi komai ba? Irin wannan aiki ka ƙi shi, komai ladansa. Cire lambar sirri sai ga wanda ya kawo takardar saye, ko ya bar maka lambar katinsa na ɗan ƙasa ya sa hannu cewa kayansa ne. In an sake kiran ka, ka je da littafinka, kada ka sa hannu a bayanin da ba a karanta maka ka fahimta ba. Tsarewar bincike a laifuka irin wannan awa 48 ce, ba a ƙara ta sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati, kuma kana da ikon neman lauya.

Akwai wani rami kuma a sana'arku da matasa ke faɗawa. Kwamfutar mutum ɗakin sirrinsa ce: hotunan iyalinsa, lissafin kasuwancinsa, saƙonninsa. Tun 2019 Nijar take da dokar yaƙi da laifukan intanet, akwai kuma dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke kula da ita. Kwafe hotunan matar wani a tura wa aboki na iya rufe shago ya kai mutum gidan kaso. Ka ja kunnen yaran da kake koya wa aiki, domin abin da suka ɓata a shagonka kai za a nema da diyya.

Duk matsalolin nan uku wuri ɗaya suka taso: ana miƙo maka kaya da baki, kana karɓa da baki. Na san abin da ke hana ku rubutu, kunya ce, kada Alhaji ya ce ba ka yarda da shi ba. In ya faɗi haka, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka sayi littafin rasit mai kwafi biyu. Kowace kwamfuta ta shigo, ka rubuta sunan mai ita da wayarsa da unguwarsu, samfurinta da lambar da ke ƙarƙashinta, girman ram da faifai, abin da ya zo da ita, tsagewa ko fashewar da ke jikinta, matsalar da ya faɗa, kuɗin da kuka yi, da ranar karɓa. Ka buɗe ta a gabansa ka ɗau hoton cikinta da wayarka. A ƙasa ka sa layi biyu: cewa an gaya masa bayanansa na iya salwanta wajen gyara, da kuɗin ajiya da zai hau kansa in ya wuce wa'adi. Kayan gyara kuwa, kada ka ƙara aikawa Kano sai ya ba da kuɗinsu tukuna. Abin da aka cire daga kwamfutarsa, ko ya mutu, ka sa masa a leda ka ba shi.

Su kuma waɗancan 9, gobe ka zauna ka rubuta kowace da mai ita da abin da kake bi, ka tura wa kowa saƙon wa'adin kwana 15. Waɗanda suka yi shiru, ka ɗauki kawunka ku je wajen mai unguwarsu, ku fara da mai jikka 35 ɗin.