Lambar jikin takardar kuɗi: waya za ta iya gane jabu da ita?

Tambaya: Malam, na ga ana tallar wata manhaja, wai idan ka haska lambar da ke jikin takardar kuɗi da kyamarar waya, za ta gaya maka ko ta gaske ce ko jabu. In sauke ta? Kuma mene ne amfanin lambar tun farko?

Amsa: Kada ka ɓata datarka, ɗan'uwa. Lambar nan, wadda ake kira siriyal, suna ne kawai da aka raɗa wa takardar. Kamar IMEI ɗin wayarka take, lambobi 15 ɗin nan da ke fitowa idan ka danna *#06#. Da ita babban banki ke sanin takardu nawa aka buga, a wane rukuni, kuma a wace maɗaba'a.

Ɗauki dalar Amurka. Daga dala 5 zuwa sama, takardun zamani suna da haruffa biyu a farko, sai lambobi takwas, sai harafi ɗaya a ƙarshe. Harafin farko yana nuna zubin da aka buga takardar a cikinsa, na biyu kuma yana nuna wane ne ya fitar da ita cikin bankunan tarayya 12: A na Boston, B na New York, har zuwa L na San Francisco. Ba a sa harafin O a ƙarshe, don kada a ɗauka sifili ne. A takardun Yuro na farko, na 2002, harafin gaba ƙasa yake nunawa, X ta Jamus, U ta Faransa. Daga 2013 aka koma haruffa biyu, na farkon yana nuna maɗaba'a. Yuro tana da wata dabara kuma: lambar ƙarshe ta tantancewa ce, lissafi ne ke fitar da ita daga sauran.

To, wannan lissafin shi ne iyakar abin da manhaja za ta iya dubawa. Shi kuwa mai buga jabu ba ya wahalar ƙirƙiro lamba, ta jikin takardar gaske yake kwafa, don haka lissafi zai fita daidai. Gaskiyar takarda tana cikin zaren tsaro, da hoton da ke bayyana idan ka ɗaga ta ga haske, da kaushin tawada a yatsa. Inda lambar ke tona asiri shi ne idan ka ga takardu biyu iri ɗaya da lamba ɗaya a cikin bandir. Nan kam aƙalla ɗaya jabu ce.

Tambaya: Da gaske ne gwamnati na bin sawun kuɗi ta wannan lambar, kamar yadda ake bin waya?

Amsa: Takarda ba ta da batir, ba ta da eriya, da me za ta aika saƙo? A 2016 an yi ta yaɗa cewa sabuwar takardar rupee 2,000 ta Indiya tana ɗauke da na'urar GPS, alhali babu komai a ciki. Ana bin sawun lamba ne idan wani ya rubuta ta tun farko, sannan wani ya sake karanta ta. Injinan ƙirga kuɗi na bankuna da yawa suna iya karantawa su adana.

A 1971 wani mutum da aka sani da D. B. Cooper ya yi fashin jirgin sama a Amurka, ya karɓi fansar dala 200,000, ya diro da laima. An riga an ɗauki hoton lambobin kuɗin. Sai a 1980 wani yaro ya tono kusan dala 5,800 a bakin kogin Columbia, lambobin suka tabbatar kuɗin fansar ne. Shi Cooper ɗin har yau ba a kama shi ba.

Tambaya: Na ga dala mai alamar tauraro a ƙarshen lambarta. Lalatacciya ce?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Idan takarda ta lalace wajen bugu, ana maye gurbinta da wata mai tauraro a wurin harafin ƙarshe, don kada a maimaita lamba. Ba su da yawa, shi ya sa masu tara tsofaffin kuɗi kan sayi wasunsu fiye da ƙimarsu. Kafin ka kashe ta, ka bincika.