Lambar bayan gwangwani ce ke nuna ƙasar da aka yi abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni uwa ce daga Tawa, wallahi hankalina a tashe yake. An turo mini wata murya a WhatsApp wai a riƙa duba lambobin nan da ke ƙarƙashin baƙaƙen zane a bayan kaya, in sun fara da 690 zuwa 699 na Sin ne guba ne, in sun fara da 3 na Faransa ne ba komi. Na zubar da tumatirin gwangwani da nike da shi, na sayo madarar gari wadda mai butik ke aunawa a leda ya ce ta Turai ce, ita nike dama ma ɗiyata mai wata bakwai, ga shi tun shekaranjiya tana zawo. Ƙarya ya yi mini kan ƙasar ko mine ne?

Amsa: Wa alaikumus salam hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Kafin komi ki ajiye madarar nan, ki ci gaba da ba ta nono, ki kai ta likita yau ɗin nan su ba ki SRO, ruwan gishiri da sukari na masu zawo, da zinc, kar ki ce sai gobe, jinjiri ba ya jure zawo a zafin Tawa.

To maganar lambar nan kuwa ta ishe ni, kullum sai an tare ni da ita a nan Yamai har da masu ilimi. Lambobi uku na farko ba su faɗin inda aka noma abu ko inda aka sarrafa shi, suna faɗin ƙasar da kamfani ya yi rajistar lambar ne kawai wurin ƙungiyar GS1 mai raba su. Gaskiya ne 690 zuwa 699 ofishin Sin ne, 300 zuwa 379 na Faransa, 615 na Najeriya, amma kamfanin da ya yi rajista a Paris yana iya sayo kayansa ko'ina a duniya ya manna lambarsa mai 3, bai karya dokar kowa ba. Ko rubutun ƙasar da ke jikin gwangwanin ma, ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta ce in aka sarrafa abu a wata ƙasa har ya sauya kama to waccan ƙasar ake rubutawa, shi ya sa markaɗaɗɗen tumatir ke fitowa daga Sin cikin ganguna, a sauke shi Italiya ko wata ƙasar bakin teku a ƙara ruwa da gishiri a ɗura a ƙananan gwangwanaye, ke kuma ki ga tutar Italiya ki ji daɗi. Wanda kika zubar da wanda za ki saya madadinsa ƙila gonarsu ɗaya.

Abin da ke ɓata mini rai ba asarar tumatirin ba ne, a'a, yadda muryar nan ke sa uwa ta saki jiki da duk abin da aka ce na Turai ne. E, a 2008 an samu sinadari mai cutarwa, melamin, cikin madarar jarirai a Sin, yara wajen 300,000 suka kamu, 6 suka rasu, ba mai musun wannan. Amma a ƙarshen 2017 fa? Madarar jarirai ta kamfanin Lactalis da aka yi a cikin Faransa kanta aka samu da ƙwayar salmonela, sai da aka janye ta daga ƙasashe sama da 80, lambarta da 3 ta fara. Masu tura murya ba su faɗin wannan don ba shi da daɗin yaɗawa. Haka suka cika mu da shinkafar roba, a 2016 jami'an kwastan na Najeriya suka kama buhuna a Legas ana ta ihu, da hukumarsu ta abinci da magunguna NAFDAC ta auna ba roba ko kaɗan, abin da aka samu ƙazanta ce, ƙwayoyin cuta sun yi yawa ciki. Ƙazantar ba wanda ya tura, robar da babu ita har yau tana yawo a wayoyi.

Mai butik ɗinki ƙila ma bai yi ƙarya ba. Da yawa daga madarar da ake aunawa a leda daga Turai take zuwa cikin buhu mai kilo 25, sai dai an cire man nonon an maye shi da man itatuwa, galibi na kwakwar manja, don ta yi araha, kuma ba a yi ta don jarirai ba sam. Bayan haka buhun a buɗe yake makonni cikin butik, ƙura na shiga, cokali guda ne, hannun da ya karɓi canji shi ke ɗaure ledar, ba suna ba ranar lalacewa, sannan a dama da ruwan da ba a tafasa ba cikin bibiro da ba ya wankuwa da kyau. Ina amfanin sunan Holan ko Faransa a nan?

Mu ba mu da teku hajiya, ki riƙa tuna wannan. Daga Kwatano zuwa Yamai kilomita 1,000 ne da ɗoriya, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa ta Lome suke zagayowa su ratsa Burkina, manyan motoci na jiran rakiya kwana da kwanaki cikin rana, daga nan a ƙara wajen kilomita 550 kafin Tawa. Kaza da kifin ƙanƙara ana son su zauna a sanyin 18 ƙasa da sifiri tun daga jirgi har tukunya, wuta ta ɗauke su narke ta dawo su sake daskarewa, mutane kuma na cewa ai sanyi ya kashe komi. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake. In kika ga jini ya daskare a gindin kwali ko naman ya manne ya zama dunƙule guda, ya taɓa narkewa, ki bar shi.

Abin dubawa na gaske: gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakin murfi kar ma ki ɗanɗana, ƙwayar cutar da ke kumbura shi gubarta tana iya kisa. Ki duba kwanan wata ko an kankare an sake bugawa ko an liƙa wata takarda bisa. In an rubuta "à consommer jusqu'au", wato iyakar ranar ci, kuma ranar ta wuce, a zubar, in "de préférence avant" ne, wato ya fi kyau a ci kafin ranar, kamar na taliya da shinkafa, ko ranar ta wuce yana iya ciwuwa muddin ba wari ba ƙwari ba danshi.

Muna da LANSPEX mai awon abinci, muna da 'yan duwan da masu duba tsafta, amma takardar da aka buga ma hatimi a kan iyaka ba ta bin buhu zuwa cikin unguwa, kuma ƙona lalatattun kaya gaban kamara lokaci-lokaci bai wadatar ba, a shiga butik-butik a buɗe firigo a gani. Ku kuma 'yan kasuwa masu goge kwanan wata da fetur ku sake bugawa, ku ji tsoron Allah, jariran mutane ne ke sha. In kin je likita ki tafi da ledar madarar su gani, ki kuma faɗa musu da wane ruwa kike damawa.